Na Raba Ƙanena da Hannun da ke Ba Shi Ƙwallo

A lokacin da wannan abu ya faru shekarata ashirin da bakwai, ina zaune gidan iyayena a Zahir, nan Makka, inda aka haife ni. Kakanmu ne ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba. Ina tsaron shagon jakunkuna a Aziziyya, in lokacin Hajji ya zo in tafi Mina in yi wa alhazai jagora, a nan ne ma na tsinci ɗan Turancin da nake ji. Bayan la'asar kuma ina taimaka wa kocin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, wani dattijo da kowa ke kira Kabtin. Duk wanda ya ga yadda nake ɗaukar masa jakar ƙwallaye, ina ce masa Baba, zai rantse babu wanda nake ƙauna kamarsa. Gaskiyar ita ce shekara goma na yi ina gaishe shi da baki, zuciyata kuwa tana jiran ranar da zai shigo hannuna.

Dalili kuwa, ina da shekara sha bakwai ni ne lamba tara na ƙungiyar, kuma ba yabon kai ba, babu mai cin raga kamata a unguwar. Sai aka ce wani mai zaɓen 'yan wasa zai zo daga wata babbar ƙungiya ya kalle mu. Ana gobe zai zo, Kabtin ya kira ni gefe ya ce ya lura tsawona ya fi dacewa da tsaron gida, don haka gobe ni ne gola. Rigata ya cire ya ba babban ɗansa. Na tsaya tsakanin sanduna kamar an dasa ni, ina kallon ɗansa yana cin ƙwallayen da nawa ne, har aka rubuta sunansa aka tafi da shi. Kabtin bai taɓa ce min in yi haƙuri ba. Ko sau ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne yadda yake dafa kafaɗata a gaban mutane yana cewa shi ya gano baiwata ta gola.

Wata shekara, a Mina, na haɗu da wani alhaji daga Ostiraliya. Yana tsaye yana kallon samarinmu suna sauke katan-katan na ruwa daga mota, ɗaya na jefowa ɗaya na cafewa. Cikinsu akwai autan Kabtin, wani dogo da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagona, da ƙanena, gajere mai zafin nama wanda ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Baƙon ya ce min aikinsa a ƙasarsu shi ne nemo matasa yana koya musu irin ƙwallon da suke bugawa can. Ya nuna min a wayarsa. Ƙwallo ce mai siffar ƙwai, ana kama ta da hannu, ana bugawa da ƙafa, ana tsalle ana cafe ta a sama. Ya ce sukan ɗauko dogaye daga wasu wasanni su horar da su, domin dabara ana koyar da ita amma tsawo ba a koyarwa. Kafin ya tafi ya bar min ƙwallo biyu, ya ce in gwada yaranmu, zai dawo Umra bayan wata takwas ya ga abin da muka yi.

Kabtin ya yi dariya ya ce wannan ba ƙwallo ba ce, kankana ce, shi ba zai ɓata lokacinsa ba, in je in yi ta fama. Haka horon ya zama nawa ni kaɗai. Baƙon yana turo min bayani ina fassara wa yara. A wasan nasu, duk lokacin da za a fara, alƙalin wasa yana jefa ƙwallo sama a tsakiyar fili, dogaye biyu su yi tsalle. Aikin dogon ba ya riƙe ta ba ne, sai ya doke ta da tafin hannu zuwa ga wani gajere na ɓangarensa da ke jira a ƙasa, shi kuma ya sure ta ya ruga. Autan Kabtin da ƙanena suka zama kamar don wannan aka halicce su. Har wata alama suka ƙirƙira, ƙanena ya ja safarsa ta dama ko ta hagu, dogon ya gane inda zai sauke masa ƙwallo. Kafin abokan hamayya su waiga, ƙanena ya yi nisa. Ya dinga kwana da ƙwallon a gefen katifarsa, mahaifiyarmu tana tsokanarsa wai ya samu amarya.

Da baƙon ya kusa dawowa sai ya rubuto cewa ƙungiyarsu ta amince ya gayyaci wanda ya burge shi zuwa horon wata shida a can. Nan take Kabtin ya fara zuwa fili. Mutumin da ya kira ta kankana shi ne yanzu yake zama a kan kujerar roba yana gaya wa maƙwabta cewa gidansa zai fitar da ɗan wasa na biyu. Ranar da na ji wannan magana sai na tuna rigata, na tuna sandunan nan biyu. Na ce a raina wallahi ba da hannuna ba. Kuma na san yadda zan yi, domin shi da kansa ya koya min. Ba sai ka kori yaro ba, sauya masa wuri kawai za ka yi a ranar da ake kallonsa.

Ranar gwaji, bayan la'asar, baƙon ya zo da ɗan littafinsa ya zauna. Na raba yara gida biyu, sannan na kira autan Kabtin gefe, a daidai wurin da ubansa ya kira ni shekara goma baya. Na ce masa na lura ya fi dacewa da tsaron baya, yau can zai tsaya. Ya dube ni ya ce to Yaya, duk yadda na ce. Ko musu bai yi ba, kuma hakan bai sa na ji tausayinsa ba. Na san a baya sai an juya da sauri an bi gajeru a guje, shi kuwa jikinsa kafin ya juya an wuce shi. A tsakiya na sa wani yaro mai ɗan tsawo wanda bai taɓa yin aikin ba. Aka fara wasa, aka yi ta wuce autan Kabtin ta dama da hagu, sau biyu yana faɗuwa. Na waiga na ga fuskar ubansa ta yi baƙi, yana murza hularsa a hannu. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Rabon da in ji sanyi irin wannan a raina tun ina yaro.

Kallon Kabtin ya ɗauke min hankali har ban lura da abin da ke faruwa a tsakiyar fili ba. Duk jefawar da alƙali ya yi, ƙanena yana jan safarsa, amma sabon yaron bai san ma'anarta ba, ƙwallo sai ta faɗa hannun abokan hamayya. Ƙanena ya yi ta gudu babu komai a hannunsa. Da aka tafi hutu ya zo yana haki ya roƙe ni in dawo masa da abokinsa tsakiya, ko na minti goma ne. Na daka masa tsawa na ce ba shi zai koya min aikina ba. Ya koma fili, na ga ya ƙara jan safar sau ɗaya, daga nan bai sake ba.

Washegari baƙon ya same ni a shago. Ya ce ya ji takaici, domin hotunan horon da nake tura masa sun sa ya roƙi ƙungiyarsu gurbi biyu, ba ɗaya ba. Niyyarsa ya tafi da su tare, tunda samun dogo da gajeren da suka fahimci juna haka yana cin shekaru. Amma dole sai bidiyon da ya ɗauka da wayarsa ranar gwaji zai nuna wa manyansa, kuma a cikinsa dogon ya fito kamar bai iya motsi ba, gajeren kuma kamar bai san inda ƙwallo take ba. Ya tambaye ni dalilin sauyin, na ce ina so ya ga suna iya wasa a ko'ina. Na roƙe shi a sake gwaji, ya ce jirginsa da yamma ne. Na yi ta rubuta masa bayan nan, amsarsa ta ƙarshe ita ce an cike guraben da wasu.

Bayan kwana uku Kabtin ya zo shagon. Na shirya masa maganganun da na tara shekara goma, na yi zaton zai yi faɗa in zazzage masa su. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya gane abin da na yi tun da na kira ɗansa gefe, kuma ba zai musa cewa ya zalunce ni ba. Sannan ya ce amma shi da ya yi nasa zaluncin, aƙalla ɗansa ya ɗaga da shi, ni kuwa wa na ɗaga? Ya juya ya fita. Har yau ban yafe masa rigata ba, kuma na fi jin haushinsa a kan wannan tambaya fiye da rigar, saboda na rasa amsarta.

Ƙanena yanzu yana tura keken tsofaffi masu ɗawafi, autan Kabtin kuma yana lodin kaya a kasuwa. Har yanzu abokai ne. Ƙanena bai taɓa yi min maganar ba, sai dai tun daga ranar bai sake neman shawarata a kan komai ba, ko da ya tashi neman aure wurin kawunmu ya je.

Abin da na koya shi ne, a fili babu ɗan wasan da ke tsaye shi kaɗai, duk wanda ka ture akwai wanda ke jingine da shi. Ina gargaɗin duk wanda aka ba amanar tsara yara, a wasa ko a makaranta ko wurin sana'a, in yana da ƙulli da uban wani, ya je ya same shi ido da ido, kada ya sauke a kan ɗansa. Kuma kafin ka rama, ka duba wa ke cin abinci daga hannun da za ka karya. Ƙwallon ƙwan nan tana kan kabad ɗin ɗakinmu, iskarta ta fita. Ranar da ƙanena ya tare a gidansa ya kwashe komai nasa, ita kaɗai ya bar min.