Takardun Jirgin da Na Ɓamɓare

Jama'a, yau tsabta ta jawo mini asara!

Kuɗin motar zuwa gida Kirsimeti nake nema. Jiya Baba Yohanna, dillali a Kakuri, ya taya akwatin fatar da na sayo a Landan naira ɗari. Da safe na ɓamɓare takardun jirgin da ke liƙe a jikinsa, na goge shi tas, na kai masa.

Ya juya akwatin. "Malam, ina takardun?"

Na ce, "Na cire, Baba. Ya koma sabo."

Ya ce, "Fata ake saye? Mai saye so yake ƙauye su ga daga Landan ya sauka! Naira talatin."

Na ruga gidanmu a Narayi. Madam ta riga ta hura gawayi da su. Shinkafar dai ta yi daɗi.