Natan da Hanyar Bakin Dam

Natan ba ya gaisuwa idan yana kan keke. Kowa a Jigwada ya san haka, shi ma bai taɓa musu ba. Ko fasto ne ya ɗaga masa hannu, ko liman, ko surukinsa da ya ba shi mata, abin da za a ji kawai shi ne, "Sai na dawo!" ya riga ya yi nisa. In ya dawo ɗin kuma ba ya neman kowa. Har sunan ya bi shi, yara da manya Sai-Na-Dawo suke ce masa.

Ni Dokas ƙanwar matarsa Susana ce, don haka akwai wasa tsakaninmu, ina faɗa masa a ido abin da wasu ke faɗa a bayansa. Na taɓa ce masa, "Mijina, kai fa ba ka da tarbiyya."

Ya ce, "Matata, in na tsaya ƙafa sanyi take yi. Wannan in tambaye shi gida, wancan in tambaye shi gajiya, wani in yi masa barka da ruwa, kafin in gama rana ta take. Gaisuwa tana nan, ba inda za ta."

Na ce, "Masu ita fa?"

Ya ce su ma suna nan.

Masinja ne a wani ofishin gona a Keffi har ya yi ritaya. Keken aikinsa baƙi ne mai nauyi, irin wanda ake ɗora wa buhun taki. Da ya bar aiki sai ya tafi kasuwar gwanjo a Mararaba ya dawo da keken tsere, mai lanƙwasasshen ƙaho da taya siririya kamar yatsa, ba kariya, ba ƙararrawa. Ya haɗo da wani ɗan wando mai kama jiki. Susana ta dubi wandon ta ce in dai zai fita da shi, to ya bi ta ƙofar baya, ita tana da mutunci a zumuntar matan coci. Ta ƙofar gaba ya riƙa fita.

Titin Abuja bai taɓa burge shi ba, ya ce wannan mahauta ce. Inda yake zuwa shi ne Dam. Wani ƙaton rami ne da kamfanin da ya yi titi ya haƙa ya ɗebi ƙasa tun muna 'yan mata, ruwa ya cika shi, bai ƙara ƙafewa ba. Kamfanin ya bar hanyar jan marmara da motocinsa suka daddaɓe, ta fita daga bayan gidajen ƙarshe na unguwarmu, ta zagaye ruwan ta dawo. Na san ta sarai, ta nan muke bi ni da Susana mu je roron ɗorawa. Tana ratsa gonakin riɗi da na doya, ta bi ƙarƙashin mangwarori, ta wuce rugar Fulani, sannan ta hau tudu inda ake hango ruwan gaba ɗaya. A lokacin faɗinta ya isa mota ta wuce. Mota kuwa ba ta bi. Shanu ne, da mata masu tallan nono, da Natan.

Kullum da safe yana can. Ban taɓa jin ya yaba ruwan ko tsuntsaye ba, ba irin mutumin ba ne. Abin da ya taɓa faɗa mini kawai shi ne a can ne yake iya jin ƙarar sarƙarsa, in ta bushe ya sani, in sifok ɗin taya ya saki ya sani. Na ce wannan ne daɗin? Ya ce ni ba zan gane ba. Ban gane ba kuwa.

Manomi a nan ba ya cinye hanya rana ɗaya. In damina ta faɗi, sai ya ƙara kunya guda a bakin gonarsa, ta ɗan shiga hanya. In ba wanda ya taka ta har kaka, ta zama tasa, baɗi ya ƙara wata. Da can shanu ke hana wannan, don kofato ba ya barin kunya ta kwana. Sai aka yi rigima kan wata gonar doya da shanu suka shiga, aka kai ƙara, aka yi ta zama. Daga baya yawancin mutanen rugar suka kwashe suka yi wajen Garaku. Gida kaɗan ya rage, ciki har da na Hapsatu, wadda ta daɗe tana kawo mana nono.

Natan ne ya fara lura hanya tana ramewa. Ya zo ya same ni ina tsince shinkafa, ya ce, "Suna ci."

Na ce, "Su wa ke cin me?"

"Hanya. Tun da shanu suka tafi, ba mai takawa sai ni."

Sai ya ƙara zagaye. Ya daina bin tsakiya, ya koma bin gefe, yana ɗora taya a kan sabuwar kunya da gangan. Tayar da ba ta kai yatsa biyu ba. Abin da take bari a ƙasa, ruwan dare ɗaya ya shafe shi.

Ruben, wanda gonarsa ke kusa da tudun, shi ya fara tare shi. Da bakinsa ya ba ni labari a coci, yana dariya. Ya ce ya tsaya a tsakiyar hanya da garma a kafaɗa, dole Natan ya ja birki.

"A'a, Baba Sai-Na-Dawo! Ashe keken yana da birki?"

"Ka shigo hanya."

"Ina kwana dai tukuna, Baba."

"Kunya uku ka shigo. A da nan bakin gonarka yake."

"Baba, yara nake ciyarwa da wannan kunyar. Kai me kake ciyarwa da hanyar? Ka fita daga gida, ka zagaya, ka koma gida. Ko barkono ba ka ɗauko ba."

Natan ya kauce masa ya wuce.

Ya tafi wurin mai unguwa. Na raka shi, don na san halinsa, zai iya ɓata magana tun daga ƙofa. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya yi duk abin da ake yi. Mai unguwa ya bar shi ya gama bayani, sannan ya juyo wurina.

"Mama Dokas, wannan baƙon naki daga ina?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai Natan ne."

"To! Yau na ga fuskarsa. Ƙeyarsa na sani. Ranar da aka yi rasuwar mahaifiyata muna zaune a ƙofar nan, ya wuce ya ce sai ya dawo. To ga shi ya dawo."

Mutanen da ke zaune suka yi dariya. Mai unguwa ya ce za a duba, in akwai wasu da abin ya dama su ma su zo. Natan ya bi gida gida yana neman wanda zai raka shi. An ba shi kujera, an ba shi ruwa, ba wanda ya tashi. Ba zan ce gaisuwa ce kaɗai ta ja masa ba. Rabin waɗanda ya nema suna da gona a bakin hanyar, sauran kuma acaɓa suke hawa su bi kwalta. Amma da yana da mutane, da ko don kunya wani ya bi shi.

Cikin wannan Susana ta rasu, ciwon suga. Bayan kwanakin makoki ya koma kan keke, mutane suka ce bai yi jimami ba. Ni na ga yadda wandon nan ya fara yi masa yawa.

Sannan masu sayen fili suka iso. Mutanen Abuja da ma'aikatan jami'a suna neman inda za su yi gida, bakin ruwa ya yi musu. Aka kafa fegi, aka fara sauke bulo. Wanda ya sayar ya haɗa da kunyoyin da ya ci, wanda ya saya ya ja katanga a kansu. Hanyar da a da ta isa mota ta wuce ta koma ta ƙafa. A wani wurin sai Natan ya sauka ya saɓa keken a kafaɗa ya ratsa tsakanin katanga da rogo, tsoho mai furfura. Hapsatu ta ce mini ƙwaryarta ta daina wucewa ta nan, ita ma ta koma bin kwalta. Ta ce, "Inna, ki ce wa Baba ya haƙura. Hanyar nan ta mutu."

Na faɗa masa. Ya ce bai ga gawarta ba.

Bara da kaka wani ya ja waya daga fegi zuwa fegi a gangaren tudun, inda keke ke gudu. Ba don Natan aka ja ta ba, mai filin bai ma san da shi ba. Ya faɗi, ƙugu ya karye. Masu kwaɓa siminti ne suka ɗauko shi. An yi ɗori, bai kama daidai ba. Yanzu daga gado sai kujera, sai an riƙe shi. Keken yana jingine a bayan ƙofa, gaban ya lanƙwashe.

'Yarsa Anjelina ke kula da shi. Tana aiki a Abuja, ta fita da asuba ta dawo da magariba a gajiye. Makon jiya ya sa ta kira ni, da dattijon coci guda, da Hapsatu da ta shigo da nono. Anjelina ta riga ta san abin da zai faɗa, ta ja ni gefe a tsakar gida.

"Anti, ki dai ce masa to. Motar asibiti za mu ɗauka mu bi titi. Wa zai ɗauki akwati a ka ya ratsa gonar mutane? Wani wurin ma katanga ce ta haɗe."

Na ce na sani.

Kaburburan dangin Natan suna tsohon ƙauyensu a ƙetaren Dam, can aka kai Susana. Muka shiga, muka zauna. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"In na mutu kada a sa ni a mota. A ɗauke ni a ka, a bi ta bakin Dam. Ubana ya ce inda aka bi da gawa, mutum ba ya son sa garma."

Dattijon ya ce, "Natan, wannan zancen mutanen da ne. Mu masu bin Almasihu ne."

"Na sani. Ruben ma mai bi ne, amma matsoraci ne." Ya huta, ya ja numfashi. "A gayyato jama'a da yawa, har waɗanda ba sa sona, ƙafa nake so. Hapsatu, in akwai sauran shanu a wurinku, a koro su a baya. Kuma kada ku jeru a tsakiya. Ku bi gefe gefe, ku taka kunyoyin da kyau."