Almakashin Goggo

A layin masu ɗinki kowa ya san Goggo, mace mai faɗa kamar me, amma yaro bai taɓa gudunta ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai dai rabin 'ya'yan danginta a ƙarƙashin teburin yankanta suka yi rarrafe.

Ta baya-bayan nan ita ce 'yar ƙaninta, yarinya mai shekara uku da ba ta taɓa furta kalma ba. A gida Shiru suke ce mata. In ta nuna kofi da yatsa, kowa sai ya tashi da gudu; in aka hana ta abu, sai cizo. Likita ya duba kunnuwanta ya ce lafiya lau, amma uwar kullum cikin kuka take a ɓoye, tana tsoron 'yarta ba za ta taɓa magana ba.

Goggo ta ce su ne suka ɓata ta da gata. Wa zai wahalar da bakinsa alhali yatsa na biya masa bukata? Ta sa a riƙa kawo mata yarinyar shago, ta kuma hana kowa ce mata Shiru.

Ɗinki ya yi ta taruwa, masu kaya na ƙorafi, ko a jikinta. In yarinyar ta nuna abu, sai Goggo ta tsayar da keke, ta durƙusa duk da ciwon gwiwa, ta dube ta ido cikin ido, ta faɗi sunan abin, sannan ta jira. Jiran nan ya fi komai ci mata rai, don ita ba gwanar haƙuri ba ce. Zare, maɓalli, ƙyalle, duk ta sakar mata, ban da almakashi. Da aka hana ta shi, yarinyar ta yi birgima, ta gartsa mata cizo a hannu. Goggo ta rungume ta har ta huce, amma maganar ba ta canza ba: "A'a. Yana yanka."

Watanni suka shuɗe, ko uffan. Goggo ta ji tsoro, amma ba ta fasa durƙusawa ba.

Wata yamma uwar ta zo ɗaukar yarinyar, ta ga zare na reto a hannun rigarta, ta miƙa hannu za ta ɗauki almakashi. Sai ɗan ƙaramin hannu ya riƙe nata.

"A'a, Mama. Yana yanka."

Uwar ta sulale ta zauna a ƙasa, cikin ƙyallaye. Goggo ta juya ga kekenta wai za ta zura zare, hawaye ya hana ta ganin kafar allura.