Ɗigon Ruwa a Kan Soron Malam

Maigidana, Allah ya jiƙansa, magini ne. Daga Saulawa har Makarfi an san shi da shafen laso a kan soro don kada ya yi yoyo. Katsin marina, wato guibar da ke kwanciya a ramin rini, yake kwaɓawa da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan saiwar dafara. In shafe ya bushe, sai ya tsoma yatsa a ruwa ya ɗiga a kai, ya kwantar da kumatunsa ya dubi ɗigon ta gefe. In ya tsaya a dunƙule kamar ƙwayar dawa, aiki ya yi. In ya baje, damina za ta shiga ɗakin mutane.

Bayan samun mulkin kai, lokacin da rufin kwano ya fara shigowa ƙauyukanmu, yanar ido ta fara rufe masa gani. Hannunsa bai manta aiki ba, ɗigon ne ya daina gani. Ba wanda ya sani sai ni. Sai ya riƙa shafa kwaɓin a kan tsingaro ya kawo gida, ni in kwanta in duba masa.

"Yaya ya tsaya?"

"Kamar dawa, maigida."

"Dawar bana, ko wadda ƙwari suka ci?"

Mu yi dariya. Da haka muka rufa asirinmu, ana ci gaba da kiransa aiki.

Wani malami a Furana ya kira shi ya shafe soron da littattafansa suke. Matar malamin ɗiyar gwaggona ce, don haka na bi maigidana da sunan zumunci. Na duba tsingaron a bayan rumbu, ɗigo ya tsaya. Amma ƙanen malamin, wanda tun farko kwano yake so a sa, ya ce shi ba ruwansa da tsingaro, a gwada a kan soron, a gaban mutane.

Mace ba ta hawa soro cikin maza. Ina tsakar gida riƙe da taɓarya, ina jin su a sama.

Ashe wajen indararo shafen ya yi sirara, kuma nan ƙanen ya nuna. Na ji muryar maigidana da ƙarfinta: "To, kun gani? Ya tsaya cak!"

Sai ƙanen ya ce, "Me ya tsaya, Baba? Ruwan ya baje, har ya shanye. Ko tsakuwar nan kake yaba wa?"

Wani ya tuntsire da dariya. Matan gidan suka daina daka, suka juyo gare ni. Na sunkuyar da kai cikin turmi, na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa. Har yau in na tuna sai hawaye ya zo mini.

Malam ya tsawata musu, ya ce, "Rana ce ta kashe maka ido, sarkin aiki. Sauko ka sha ruwa." Amma shi da kansa ya riƙe masa hannu har ƙasa, kowa yana kallo. Maigidana bai sake hawa soron kowa ba.

Tun da aka kai ni gidansa, bayansa nake bi a hanya. Ran nan, muna fita daga Furana, ya tsaya.

"Wuce gaba," ya ce. "Yanzu kuma me za a ɓoye?"

Na wuce. Ya kama bakin mayafina. Manoma suna gaishe mu daga gonakin rake, ya amsa wa kowa da sunansa, don muryoyinsu ya sani. Ni kuwa ban iya ɗaga kai ba har muka shiga zaurenmu.