Baitin da Ba Ya Cikin Kaset ɗin Kawu

Shekaranjiya ina tsaye bakin wani kantin kayan miya a unguwar Waziriyya ta Jidda, ina fama da mai tumatir ya zaɓo min masu tauri, sai wata mota ta tsaya a danja, gilasanta a sauke. Kukan jita ne ya fara isowa kunnena, ganguna suka biyo baya, sannan muryar da na sani tun ina 'yar mitsitsiya. Yaron da ke tuƙin, wanda na tabbata na haifi sa'ansa, sai kaɗa kai yake yi. Na so in leƙa in ce masa, kai, mai waƙar nan a falonmu yake kwana a da, ni ke wanke masa kofin shayi. Danja ta ba shi hannu ya wuce, ya bar ni da ledar tumatir a hannu da ƙwalla a ido.

A unguwar Ammariyya na tashi, a wani tsohon bene mai matsattsen matakala, wanda kullum yake ƙanshin turaren wuta da suyar kifi. Kusan duk mazauna gidan Hausawan Sudan ne irinmu. Baba yana aikin sito a tashar jiragen ruwa, Umma tana tuyar ƙosai da safe. Sai Kawu, autan su Umma, wanda ya zo umra ya zarce da dakon kaya, iƙama kuwa, wato takardar zama, sai daga baya Allah Ya haɗa shi da kafilin da ya tsaya masa. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya. A kan sif ɗin Umma akwai wani abu naɗe cikin zanin gado da aka hana mu taɓawa, kuma kowane yaro a gidan ya san jitar Kawu ce, irin mai lantarki.

Su huɗu ne. Kawu ke riƙe jita da waƙa, sai wani tela ɗan Nijar da ke kaɗa jita mai babbar murya, da wasu 'yan'uwa biyu haifaffun Jidda, ɗaya a kan ganguna ɗaya a kan fiyano. A wani siton katifu suke haɗuwa ranar hutu, saboda katifun suna shanye ƙara. Da zafin nan na Jidda mai sa riga ta manne a jiki, za ka ga Kawu ya dawo kamar an tsamo shi daga teku, yana murmushi shi kaɗai. A cikin siton nan suka ɗauki kaset guda ɗaya tak. Babu suna a jikinsa, babu hoton kowa, sai zanen jirgin ruwa.

Mutane sun ɗauka tsoron hukuma ne ya hana shi sa suna, tunda a lokacin ba a yarda da kiɗa a fili ba. Akwai wannan, amma abin da ya fi ci masa rai yana can ƙauyenmu a bakin kogi. Kaka, mahaifiyar su Umma, mace ce mai magana ɗaya. A wurinta gidanmu ba gidan roƙo ba ne, kuma duk wanda ya rataya abin kiɗa maroƙi ne, ko da daga ina aka ƙero abin. Tun yana saurayi ta taɓa fasa masa wata jitar galan da ya haɗa da hannunsa. Ranar da zai taho ta riƙe hannunsa ta ce in ya sake taɓa kiɗa, to ba da yawunta ba, kuma kada ya nemi albarkarta. Kawu yana iya tsayawa gaban ɗan sanda bai girgiza ba, amma da an ambaci maganar nan sai abinci ya fita ransa.

Kaset ɗin kuwa sai ya ƙi zama inda aka ajiye shi. Daga bukukuwan unguwa ya shiga shagunan aski, daga nan ya shiga motocin haya. Da lokacin hajji ya zo, alhazai suka riƙa sayensa a kasuwar Balad suna cusawa cikin tsaraba tare da dabino da carbi. Masu shaguna suka yi ta kwafa ba dare ba rana. Wasu su ce 'yan Kano ne suka yi shi, wasu su rantse 'yan Yamai ne. Wani wanzami, yana tsakiyar yi wa Kawu aski, ya tabbatar masa cewa mawaƙin wani hamshaƙi ne a Khartum mai motoci jere, kuma shi da kansa ya taɓa gaisawa da shi. Kawu ya ce masa ma sha Allah.

Waƙar da ta fi tashe ita ce mai sanyin nan ta ƙarshen fuskar kaset ta farko, wadda jita ke tafiya gaba da baya kamar hannu a kan dutsen niƙa. Ba banza ba, waƙar niƙan Kaka ce, wadda ta goya su da ita. Ranar da Umma ta fara jin ta sai da ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Auta, kai da hankalinka? Duk waƙoƙin duniya ba su ishe ka ba sai tata?"

"Yaya, ita kaɗai ce ke zuwa min in na rufe ido," in ji shi.

Duk shaharar da kaset ɗin ya ƙara, sai Kawu ya ƙara ramewa. Ni a lokacin haushi nake ji. Ina son in tsaya a makaranta in faɗa wa kowa, ga shi an ɗaure mana baki.

A zamanin nan da kaset muke gaisawa da gida, tunda Kaka ba ta karatun wasiƙa. Za a zaunar da mu gaban rediyo, kowa ya yi gaisuwarsa, Umma tana zare mana ido kada wani ya yi suɓutar baki. In an sami mai tafiya a ba shi, bayan watanni amsa ta dawo. A ƙauye sabon kaset wuya yake yi, don haka tsoho ake samu, a toshe ramukan bayansa da auduga, a ɗauki magana a kan abin da ke ciki.

Wata Juma'a da sanyi ya ɗan sauko, an yi yayyafi har titunan unguwa sun yi caɓi, wani ɗan garinmu da ya zo umra ya kawo saƙon Kaka bayan mun ci abincin rana. Umma ta kwance tsumman da aka naɗe shi. Sai ga zanen jirgin ruwa, ya koɗe, ga auduga a ramukan. Kawu ya miƙe zai fita, Baba ya kama gefen rigarsa ya zaunar da shi.

Kaka ta fara kamar yadda ta saba. Kogi ya cika bana, kuɓewa ta yi kyau, wance ta haihu, wane ya rasu. Ta gaida Baba, ta gaida Umma, ta bi mu yara ɗaya bayan ɗaya har da jaririn goye. Kawu kaɗai ta tsallake. Na dube shi, kansa na ƙasa, yana murza yatsun ƙafarsa a kan darduma. Muka ji ta gyara zama, kaza ta yi kuka a bayanta.

"Ina Auta? Ku matso min da shi kusa da abin nan."

Ya matsa da gwiwoyi kamar tana ganinsa.

"Yaran gari sun ishe mu da wani kaset. Wai na mutumin Khartum ne. Na ce musu mutumin Khartum a ina ya ji niƙana? Na yi fushi, Auta, fushi mai yawa. To amma na zauna na saurara daga farko har ƙarshe, ban ji ka wasa wani mai kuɗi ba, ban ji ka roƙi kowa ba. Kuma tun da injin niƙa ya zo, ni kaina na daina yin ta. Yanzu 'yan mata ke yin ta a hanyar kogi."

Har mun zaci saƙon ya ƙare, sai ta ci gaba.

"Sai dai waƙar ba ta cika ba. Akwai baitin da ba ka sani ba, don bayan tafiyarka na ƙara shi."

Sai ta rera, da muryarta ta tsufa mai rawa, babu kiɗa babu tafi. Baiti ne gajere, na uwa mai niƙa tana duban hanya, tana cewa Allah Ya tsare na nesa, Ya sanyaya masa rana, Ya sa duk inda ya sauka a karɓe shi. Da ta gama ta ce, "Na janye maganata. Allah Ya yi maka albarka." Maɓalli ya yi ƙas, sai jitar Kawu ta ɓarke daga inda gogewar ta tsaya.

Kawu ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza. Umma tana kuka tana dariya. Baba, wanda ba ya son a ga rauninsa, ya yi gyaran murya ya ce, "Halas, ya isa haka, yalla, a ɗora shayi." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba, kuma har yau ban sake ba.

Ba su sake ɗaukar wani kaset ba. Telan ya koma Nijar, 'yan'uwan nan biyu aure da aiki suka ɗauke su. Kafin takardun Kawu su daidaita ya samu zuwa gida, Kaka ta rasu. Amma daga ranar nan, duk bikin da aka gayyace shi, da baitinta yake rufe waƙar, kuma matan unguwa suka haddace shi daga bakinsa.

Yanzu Jidda ta sauya. Ana kiɗa a fili a bakin teku, da tikiti da fitilu, yara suna ratayo jita a titi ba mai kallonsu. Kaset ɗin ya koma cikin wayoyi, har yanzu ba suna. Bara, a bikin ɗiyata, wasu samari masu jita suka roƙi Kawu, da furfurarsa da sandarsa, ya hau ya yi waƙar tare da su a zauren maza, mu muna ji ta lasifika a ɓangarenmu. Samarin daga waya suka koya, don haka suna kaiwa inda ta saba ƙarewa suka tsaya cak. Kafin Kawu ya buɗe baki, mata suka ɗauki baitin Kaka daga bayan bango. Wadda ta fi kowa ɗaga murya amarya ce, yarinyar da in na yi mata Hausa da Larabci take amsa min. Mijina ya ce Kawu bai rera ko kalma ɗaya ba. Ya sauke makirfon, ya ɗaga tafukansa biyu, yana ta cewa amin har muka kai ƙarshe.