Jitar da Muka Mayar wa Mai Ita a Titiwangsa

Muna idar da sallar asuba muka bar Johor Bahru, ni da wani abokin karatuna, a tsohuwar motarsa da ba ta san gaggawa ba. Mako biyu ke nan da buɗe hanyoyin jihohi bayan dogon kullen korona. Ta'aziyya ce ta tashe mu. Danladi, mutumin Jos da muka zauna ɗaki ɗaya shekarar da na zo ƙasar nan, ya rasu a Kuala Lumpur wata huɗu baya. Ta waya muka kalli jana'izarsa.

Hanya lafiya lau, gonakin kwakwar manja hagu da dama har ido ya gaji. A wurin hutawa aka auna zafin goshinmu, aka duba shaidar rigakafi, sannan aka sayar mana da shinkafar kwakwa da rabin ƙwai a kan ringgit shida. Abokina ya ce da alama ɗaya rabin bai fito daga kulle ba. Rumfuna da yawa a rufe suke, an kifa kujeru a kan tebura.

Kafin azahar muna unguwar Cheras a Kuala Lumpur, a wani bene hawa na goma sha ɗaya. Matar marigayin ta buɗe mana ƙofa. Falon duk kwalaye, jibi za ta koma gida Najeriya. Muka yi mata gaisuwa, ta amsa a hankali, ta kawo ruwa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da jita a cikin baƙar jaka.

"Malam, wannan ba tamu ba ce," in ji ta. "Wani tsoho ne ya ara masa, yana koya masa duk Asabar. Lambarsa na cikin wayar marigayi, na kasa buɗe ta. Na ji an ce yau da la'asar zai yi wasa a Titiwangsa. Ba zan iya zuwa ni kaɗai ba."

Ni ba ma'abocin wuraren kiɗa ba ne, amma wa zai ce mata a'a?

Wurin wani kantin shayi ne kusa da tafki. An jera kujeru nesa da juna, bai fi mu talatin ba, kowa da takunkumi. Muka tarar da tsohon a gefe yana ɗaure igiyar takalmi. Siriri ne, furfura har gira, zai haura saba'in. An ce tun yana saurayi yake kiɗan blues, wato kiɗan kukan zuci da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka. Yana ganin jakar ya washe baki.

"Ina malalacin ɗalibin nan nawa? Na yi ta kira, shiru. Na ce ya gudu da jitata ne!"

Babu wanda ya yi dariya. Matar ta ce, "Baba, ya rasu. Korona ce."

Tsohon ya zauna a kan akwatin lasifika. Sannan ya buɗe jakar, ya shafa tsirkiyoyin da suka fara tsatsa, ya ce, "'Yata, zauna a gaba."

Tasa jitar mai sheƙi tana jingine, bai taɓa ta ba. Da wannan ya hau dandamali. Ya gaya wa jama'a cewa akwai wani ɗan Najeriya da ya shekara biyu yana zuwa masa, yatsunsa masu tauri kamar itace, amma bai taɓa makara ba. Daga nan ya fara.

Ban san kan kiɗan ba, sai dai na san abin da na ji. Yakan ja tsirkiya ɗaya da yatsa, ya riƙe ta tana rawa har ka ce numfashinka zai ƙare, sannan ya sake ta. Muryarsa a dishe take, amma ko kaɗan ba ta karkace ba. Ya rera layi, jitar ta amsa masa, kamar mutum biyu na zance a bakin kabari. Gumi ya jiƙa masa riga. Mai gangar da ke raka shi ya sassauta hannu, daga baya ya ajiye sandunan gaba ɗaya. Wani Basine da ke bayana ya raɗa mini cewa shekara ashirin yana bin tsohon nan, bai taɓa jin ya yi irin na yau ba.

Matar ba ta motsa ba, takunkuminta dai ya jiƙe sharkaf. Ni ma kukan da ban yi ba ranar jana'iza, a nan ya zo mini, a gaban baƙi.

Da ya gama ba a tafa nan take ba. Ya sauko ya miƙa mata jitar. Ta ce ai tasa ce. Ya ce, "Na ba shi tun tuni, gaya masa ne ban yi ba." Ta rungume ta, muka fito.

Muka kwana wurin wasu 'yan uwa ɗalibai a Jalan Semarak. Da hantsi muka biya maƙabarta, muka tsaya kaɗan a kan kabarin, sannan muka kamo hanya.

Abin da na dawo da shi ke nan: a baƙunta mutum yakan tara mutanen da danginsa ba su san da su ba, in ya faɗi babu mai gaya musu. Wata huɗu tsohon nan yana jin haushin mamaci. Da na shiga gida, ko takalmi ban cire ba na sa iyalina ta ɗauko takarda. Na lissafa mata mai askina, da mai shayin ƙasan bene, da tsohuwar da ke share ɗakin bincikenmu. Ta ce, "To, ina sunayensu?"

Ko ɗaya ban sani ba. Da safe na sauka na tambayi mai shayin.