Takardar Albashin Gajera

Shekara ashirin da takwas Mai Guga ta yi a ɗakin wanki na asibitin gwamnati, can ƙasan bene inda tururi ke sa bango gumi. Da goyon ɗan fari ta fara aikin, yau shi ma yana da nasa 'ya'yan. Mace ce da ke yi wa injin wanki faɗa kamar yana jin ta, amma da ta ga mai riƙe da fayil sai bakinta ya mutu.

Rana ɗaya aka ɗauke su aiki ita da Gajera, abokiyar ninkinta. Zanin gadon asibiti ba ya ninkuwa a hannun mutum ɗaya. Kowace ta kama baki biyu, a ja, a kaɗa, sannan a tako a haɗa hannu. A wannan takun suka yi hirar haihuwa da ta rasuwa da gulmar nas-nas.

Wani ƙarshen wata masinja ya musanya musu takardun albashi. Nan Mai Guga ta ga Gajera tana matakin albashi na biyar, ita kuwa na huɗu. Aiki ɗaya, zufa ɗaya. Abin ya ci mata rai, ga shi saura wata shida ta yi ritaya, fansho kuma a kan matakin ƙarshe ake yanka shi. In ba a gyara yanzu ba, da ƙarancin za ta tsufa.

Ta daure ta hau ofishin albashi. Akawun, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce baki ba hujja ba ne, ta kawo kwafin takardar wadda take cewa ta fi ta.

Ta roƙi Gajera takardarta, Gajera ta ƙi. Ta ce maigidanta ya sha ja mata kunne kada ta bar takardarta ta shiga ofis, kuma 'yarta na makarantar ungozoma, albashin nan ne ke riƙe da ita. Mai Guga ta yi fushi. Kwana uku suna ninki ba wadda ta ce uffan, sai ƙarar zani in an kaɗa. A na huɗu Gajera ta tura mata takardar ƙarƙashin dutsen guga.

"Ga ta nan, Yaya. Amma gabana faɗuwa yake."

Mai Guga ta kai kwafin ofis haɗe da takardar ƙorafinta. Aka kafa kwamiti, kamar yadda aka saba in ba a son abu ya yi sauri. Wata huɗu Mai Guga tana hawan bene, gwiwa na ƙara, ana cewa fayil yana teburin wane. Har zanin ɗakin haihuwa ta ƙona saboda tunani, ita da ba ta taɓa ƙona ko hankici ba.

Ran Talata aka kira ta. Akawun ya karanto mata: kwamiti ya gode da ta jawo hankalinsa. Matakinta daidai yake. Na Gajera ne kuskure tun ranar ɗauka, za a mayar da ita na huɗu, a riƙa cire rarar da ta karɓa daga albashinta. Mai Guga ta roƙe shi ya ba ta ƙorafinta ta yaga, ta ce ta yafe, ta janye. Ya ce an riga an sa hannu.

Ta sauko tana dafa bango. Gajera na tsaye da zani a hannu tana jiran ta. Suka ja, suka kaɗa.

"An gyara?" in ji Gajera.

Mai Guga ta so ta ce tukuna, ta sami ko da kwana ɗaya. Amma kunya ta fi tsoro nauyi. Daga inda take tsaye ta faɗa mata duka, ba ta rage komai ba.

Gajera ba ta yi kuka ba. Ta dubi zanin, ta dube ta.

"Na ce miki gabana faɗuwa yake."

Zanin na miƙe a tsakaninsu, ɗakin tiyata kuma na jiran kaya. Mai Guga ta yi taku biyun da ta saba, ta miƙa hannu. Gajera ba ta tako ba.